Yadda Aka Ɗinke Wendell a Bargon Coci

A duk faɗin garinmu, can arewacin Iowa inda masara ta fi mutane yawa, babu abin da Wendell Brockmeyer bai sani ba. In ma akwai, to ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Tun da ya miƙa wa ɗansa gona ya ce zai huta, sai bakinsa ya karɓi aikin da hannunsa ya ajiye. Kullum safiya yana teburin tsofaffi a gidan mai, kofi a gabansa, yana koya wa makaniki gyaran mota, yana koya wa Fasto Lindgren wa'azi. In ya gaji ya koma shagonsa na bayan gida, wani makeken ɗaki mai firji da kujerar kishingiɗa da kwale-kwalen kamun kifi da tulin ƙarafan da ya rantse wata rana za su yi amfani. Mace ba ta taɓa taka ƙofar shagon nan ba, makullin ma a aljihun ƙirjin wandon aikinsa yake zama, irin wandon nan mai rufe ƙirji da maɗauri a kafaɗa.

Matarsa Marlys ita ce mai bargon garin. Matan coci su yanka ƙyallaye su harhaɗa fuskar bargo su kawo mata, ita kuma ta ɗaure shafi da auduga da fuskar a kan dogon gadon ƙarfe, ta kama kan keken ɗinkinta mai dogon hannu tana tura shi bisa layinsa, tana zana ganye da fuka-fukai da zare. To kafaɗa ta fara ƙorafi, sai ta ƙudurta sayen kwamfutar da za ta riƙa tuƙa keken. Ita da Doreen, shugabar matan coci, suka cinye bazara suna yawon shaguna, a gwada wannan a tambayi wancan: za ta dace da tsohon keke? In ta lalace wa za a kira?

Wendell ya ce, “Ke kuwa Marlys, zaɓen miji ma ai bai ɗauke ki wannan lokacin ba.”

Ta ce, “Shi ya sa yanzu nake dubawa da kyau.”

Ana cikin haka 'yarsu ta kusa haihuwa a birni. Marlys ta haɗa jaka, ta tsaya a bakin mota ta ɗaga masa yatsa. “Abu biyu, tsoho. Kekena, da almakashina na yadi. In ka taɓa ɗaya, gara in dawo in tarar ka yi hijira.”

Jaririn kuwa ya gado kakansa, ya ƙi fitowa sai ya ga dama. Liyafar kaka ta coci tana matsowa, an sayar da tikitin ƙuri'ar bargon bana kaf, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa ya tafi da shi, bargo kuwa ko allura ba ta shige shi ba. Wata safiya Doreen ta shigo gidan mai sayen madara, ta ce wa Fasto za ta kai bargon wajen wata mata a garin gaba.

Wendell ya dire kofi. “A kai bargonmu wani gari? Ina raye?”

Doreen ta ce, “To Injiniya, kai za ka ɗinka?”

“Ɗinki kuma har wani aiki ne? Baiwar Allah, ni da na tuƙa tarakta mai bin tauraron ɗan'adam, ina cin burodi tana noma? Bargo ai gona ce ƙarama. Zan zaɓo kwamfutar da kuka kasa zaɓa, in ɗaura ta, in kawo keken zauren coci ranar liyafa, ku zauna kuna cin talo-talo tana ɗinkawa.”

Orval, abokin gardamarsa tun suna firamare, ya ce, “In kuma ta ƙi fa?”

“In ta ƙi, na ba matan coci shagona, su yi ta ɗinkinsu a ciki har ƙiyama!”

Duk teburin ya juya ga Doreen. Matan nan sun daɗe suna matse a ɗakin ƙasan coci, gwiwar wannan a haƙarƙarin waccan, kuma kowa ya san inda idon Doreen yake. Abin nema ya samu. Ta juya ga Fasto ta ce, “Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka?”

Fasto ya ce, “Na ji. Amma Doreen, bargon fa?”

Ta ce, “Zare ai ana warware shi, Fasto. Shago ne ba a samu kullum.”

Washegari Wendell ya tasar wa babban shagon kekunan ɗinki na birnin gundumarmu. Mai shagon, wata mata mai fara'a da gilashi a kan hanci, ta tambaye shi wane irin keke matarsa take da shi.

Ya ce, “Fari ne.”

“Tsawon hannunsa fa?”

“Dogo.”

“Gadon fa?”

“Shi ma dogo. Ke dai nuna min kaya.”

Ta nuna masa ta farko, mai sauƙi, a zaɓi zane ta yi ta jera shi daga gefe zuwa gefe. Ya ce wannan ta 'yan koyo ce. Ta nuna masa ta biyu, wadda ke ba kowane murabba'i nasa zanen. Ya yi hamma. Ta zo kan ta uku ta ce, “Wannan kuwa ta gwanaye ce. Ka danna nan, ka tuƙa keken da hannunka sau ɗaya, ta haddace duk motsin da ka yi, ta yi ta maimaita shi ba ragi ba ƙari.”

Nan Wendell ya ji wani sanyi a ransa. Shekara da shekaru yana neman wanda zai yi abu yadda ya ce, daga mata har ɗa har kare bai samu ba, ashe yana nan cikin kwali. Ya ce a naɗe masa.

Matar ta ce, “Maigida, wannan fa in kekenku tsoho ne sai an yi odar maɗaurai, mutuminmu ya zo ya ɗaura.”

“Ina da injin walda.”

“To akwai darasi kyauta ranar Asabar.”

“Wa zan koya wa?”

Ta sauke gilashi ta dube shi sama da ƙasa. “Madam ta san ka zo kuwa?”

“Ba-zata zan yi mata.”

Ta ce, “Za ka yi kuwa.”

Shi da Orval suka ciccibo keken daga ɗakin Marlys zuwa shago, gadon ƙarfen ya tafi da rabin ƙyauren kicin. Littafin bayani Wendell ya sa shi ƙarƙashin ƙafar gado don ya daina rawa, ya ce ga amfaninsa nan. Maɗaurai ba su dace ba, ya yi musu walda. Bel ɗin da aka haɗo ya gaza, ya yanko na tsohon injin girbi. Da ya nemi abin yanka ya rasa, sai ya shiga ɗakin Marlys ya ɗauko almakashin nan mai jan ƙyalle a hannu.

Orval ya ja da baya. “Wendell, kai! Na Marlys ne fa.”

“Almakashi almakashi ne.”

“Ƙanena takarda kawai ya yanka da na matarsa, sai da ya yi sati yana cin abincin gwangwani.”

Wendell ya yanka bel, ya yanka kwano, ya datse waya. Wayar da ya datse kuwa ta jan maɓallin tsayarwa ce, ta zama guntuwa, ta ƙi kaiwa gaba inda mai ɗinki ke tsayawa. Sai ya ɗaure maɓallin can bayan gado, ya ce ai mai tsayar da inji shi ne wanda bai yarda da aikinsa ba. Almakashin kuma ya jefa shi akwatin sifanoni.

Gwajin farko, kan keken ya zabura ya bi layi a guje ya daki ƙarshen gado, gwangwanayen kusoshi suka zubo daga kanta. Gwaji na biyu ya zabura ta ɗaya gefen ya ɗauke hular Orval. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman shinge ta ce ko a kira 'yan kwana-kwana, Wendell ya ce mata inji ne ke sabawa da gida. Da kyar, da latse-latse da zage-zage, keken ya yarda ya tsaya a tsakiya.

Saura zane. Wendell bai iya zura zare a allura ba, kuma ba zai tambaya ba, don haka ya ce zai koya wa kwamfuta da allura tsirara. Ya danna wajen hadda, ya kama hannayen keke, ya gyara tsayuwa. “Zangarniyar masara zan zana. Orval, buɗe ido, ba kullum ake ganin irin wannan ba.”

Ya fara lanƙwasa kara a hankali, harshe a waje. Ashe dukan da keke ya yi wa bango ya tayar da gidan rina a saman rufi. Ɗaya ta sauko ta shige masa ƙeya ta bayan riga. Wayyo! Wendell ya yi tsalle, hannu ɗaya na dukan wuya, ɗayan na riƙe da keke, ya fizge shi dama, ya wujijjiga shi hagu, ya zagaya da shi yana ihu, sannan ya yi wata doguwar fizga ya saki ya ruga waje. Da ya dawo, wuya a kumbure, allon yana tambayarsa ko a adana.

Orval ya ce, “Ba za ka duba ba?”

Ya ce, “Ai ta san inda zane ya ƙare da inda rina ta fara. Kwamfuta ce fa, ba kai ba.” Ya danna a adana.

Ranar liyafa aka ɗora keke a tirelar ciyawa, tarakta na ja, Wendell na tsaye a baya yana ɗaga wa mutane hannu. Zauren coci ya cika, ƙamshin talo-talo da dankali da kek ɗin kabewa ya gauraye ko'ina. Matan suka ɗaure bargon a gado da kansu, fari da shuɗi, aikin hannun kowace mace a cocin. Wendell ya miƙa wa Doreen allura ya ce, “Zura zaren nan, ban son in hana ku 'yan ƙananan ayyuka.” Ta ce wane launi, ya ce ja, don na bayan zaure ma su gani. Ta zura masa ja tana murmushi.

Ana gama addu'ar abinci sai ƙofa ta buɗe, ga Marlys da jakarta, daga hanya ko gida ba ta biya ba. Ta ga kekenta a tsakiyar zaure da tabon walda da bel ɗin injin girbi. Ta buɗe baki, Wendell ya riga ta.

“Barka da hanya, kakar jariri! Zauna ki huta, yau za ki ga yadda maza ke ɗinki.” Ya juya ga jama'a. “Abin da za ku gani hannuna ne. Duk motsin da allurar nan za ta yi, ni na koya mata, ba wani ba. Ku shaida.”

Orval ya ce, “Mun shaida.”

Ya danna. Keke ya ɗauka a natse, kat-kat-kat, jan zare na lanƙwasa kara mai kyau a kan farin yadi. Har wata tsohuwa ta ce, “A'a, ashe dai!” Wendell ya sa manyan yatsu a maɗaurin wando yana kaɗa kai.

Sai aka zo inda rina ta shiga. Kan keke ya yi tsalle dama, ya wujijjiga hagu, ya hau zagaye yana cusa zare wuri ɗaya, ya yi doguwar fizga ya ƙetare murabba'in matar Fasto. Sannan ya matsa gaba, ya natsu, ya sake fara kara mai kyau.

Wendell ya ce, “Wannan salo ne. Iska ce ta kaɗa masarar.”

Orval ya tuntsire da dariya har da buga tebur. “Rinar ce! Na rantse rinar ce! Ga inda ta shiga riga, ga inda ya mari wuya. Ku jira, yanzu zai ruga waje!” Keke kuwa ya yi fizgar, zaure ya ɗauki shewa. Yara suka hau kujeru suna jiran rina ta sake harbi, in ta harba su yi “Wayyo!” gaba ɗaya.

Marlys ta daka tsawa, “Tsayar da shi!”

“Yanzu zai gyaru.”

“Wendell Brockmeyer, tsayar da kekena!”

Ya laluba gaba, babu maɓalli, sai ya tuna inda ya ɗaure shi. Zagayawa kuma ai sai a ce ya ruɗe. Don haka ya kwanta rub da ciki a kan bargo yana miƙa hannu can baya, ƙirjin wandonsa mai yalwa ya baje a kan yadi. Daidai nan rina ta uku ta iso. Allura ta hau ƙirjin wando, ta yi dama, ta yi hagu, ta zagaye aljihu zagaye a kan zagaye, Wendell ya ƙame yana ta salati, ko numfashin kirki ya kasa. Fasto ne ya yi ta maza ya fizge waya daga bango.

Keke ya tsaya cak. Wendell ya yunƙura zai tashi, bargo ya taso da shi. Ya koma.

Ya ce da muryar da ba mu san shi da ita ba, “A kawo almakashi.”

Orval ya buɗe akwatin sifanonin da suka taho da shi ya zaro. Jama'a, ihun da matan nan suka yi don bargo wasa ne a kan salatin da suka saka da suka ga almakashin: baƙin maiko har hannu, baki ya yi giɓi-giɓi, jan ƙyallen Marlys na reto. Wata ta dafe ƙirji ta zauna. Marlys ta karɓa ta sa a wandon ta danna, almakashi ya tauna yadi ya tofar, ko zare ɗaya bai yanke ba.

Ta ce a hankali, “Me ka yanka da shi?”

“'Yar waya ce.”

Orval ya ce, “Da bel. Da kwano.”

Fasto ya dubi matan. “'Yan'uwa, cikinku ko da mai almakashi a jaka?”

Kowace na da shi, kuma kowace ta ƙara rungume jakarta. Doreen ta ce, “Ranka ya daɗe, ka yi mana wa'azin gafara ranar Lahadi, za mu saurara. Amma nawa ba ya kusantar mutumin nan.” Wani ya zaro wuƙar aljihu, matan suka yi kansa caa, wa zai kawo wuƙa kusa da bargo.

Orval ya ce, “To kwance maɗauri ka fice daga wandon mana.”

Wendell ya ƙanƙame maɗaurin da hannu biyu.

Marlys ta ce, “Ba zai iya ba. Tun da na tafi babu mai wanki, Allah kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi, in ma akwai.”

Orval ya ce, “Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.” Fasto ya ce a dai ɓoye, nan coci ne.

Marlys ta buɗe jaka ta ciro ɗan tsinken warware ɗinki, wanda bai fi ɗan yatsa ba, ta danƙa masa. “Ɗaya bayan ɗaya, daga rinar farko. In ka huda min yadi kuma ka sake sabon laifi.”

Aka koma cin abinci. Wendell na kife a kan gado, ƙeya a kumbure, yana tsintar jan zare, talo-talo na wucewa ta bayansa ba mai tsaya masa. Doreen ta zo da farantinta ta tsaya a kansa.

“Injiniya, makulli.”

Nan idonsa ya ɗan yi haske. Ya taɓa aljihun ƙirji, keke ya ɗinke bakin aljihun ruf, makulli na ciki. Ya ce, “Ayya, kin gani, yana cikin bargo. Ba ni da iko da shi. Sai dai mai bargo.”

Doreen ta ce, “Fasto, a jefa ƙuri'a.”

Wendell ya shiga addu'a a zuci Allah ya ba wani baƙo daga nesa, ko namiji mai tausayi, ko Orval ma ya yarda. Fasto ya girgiza kwando, ya zaro tikiti, ya gyara gilashi, ya karanta, ya sake karantawa.

“Marlys Brockmeyer.”

Zaure ya kaure da tafi. Marlys ta ajiye cokali, ta goge baki, ta zo ta zagaya abin da ta ci tana dubawa, daga bargon har abin da ke kansa.

Ta ce, “Fasto, a cocin nan aka fara ba ni shi ranar aure, ban mayar ba. Yanzu ma zan riƙe.” Ta juya ga Doreen. “Ranar Litinin ku zo da kujeru. Kwale-kwalen a fitar da shi waje, firjin a bar mana.”

Wendell ya ɗago kai. “Haba Marlys, ni kuma ina zan zauna?”

Ta ce, “A ciki mana, tsoho. Wa zai warware sauran rinar?”